Filin Lafiya: Jinin da 'Ya'ya Ke Gada, Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan jini suke: ko dai takardar asibiti ta fito da harafin da ba a zata ba, ko maganar aure ta tsaya cak saboda sakamakon gwaji. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye. Likitocin jini da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Ni jinina A ne, na maiɗakina B. An kwantar da ɗanmu na uku a asibiti, aka auna jininsa aka ce O ne. Tun ranar ban samu natsuwa ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Ta yaya A da B za su haifi O? (Wani magidanci, Funtuwa)

Malam, ka kwantar da hankalinka. A da B suna haifar O, kuma ba baƙon abu ba ne. Hasali ma irin haɗinku ne kaɗai ke iya fitar da duka rukunai huɗu a ɗaki guda.

Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke tsara rukunin jini, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wannan ƙwaya tana kan kuromosom na 9 (kuromosom su ne zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu), kuma a cikin jama'a nau'i uku take zuwa da su: A, B da O. Uku ne a gari, amma mutum ɗaya biyu kawai yake ɗauka. In ka jera su bibbiyu, haɗi shida za ka samu: A da A, A da O, B da B, B da O, A da B, sai O da O.

A bayan kowace jar ƙwayar jini akwai wata sarƙar sukari da ake kira H. Nau'in A yana ƙera inzayim, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jiki, da ke liƙa wani sukari a bakin sarƙar, nau'in B yana liƙa wani daban. Shi kuwa O, harafi ɗaya ne ya faɗi daga rubutun da ke cikin ƙwayar gadonsa, inzayim ɗin da yake ƙerawa ba ya aiki, sai sarƙar ta zauna yadda take. Saboda haka duk inda O ya haɗu da A ko B, ba a ganin sa. Mai ɗauke da A da O a takarda A zai fito, mai B da O kuma B.

To idan kai A da O kake ɗauke da su, maiɗakinka B da O, kowane ciki yana da hanya huɗu masu nauyi ɗaya. Ka ba da A ta ba da B, ɗa ya zo AB. Ka ba da A ta ba da O, ya zo A. Ka ba da O ta ba da B, ya zo B. Ku biyu ku ba da O, ya zo O. Kowace hanya kashi 25 cikin 100. Zuwan ɗanka da O shi ne ma ya nuna cewa ku biyun kuna da O a ɓoye.

Haɗin da ya fi naku ruɗa mutane shi ne AB da O, domin 'ya'yansu A ko B suke zuwa, babu wanda ke kama rukunin uba ko na uwa. O da O kuwa O kaɗai suke haifa. Ko a nan ma akwai 'yan togaciya. A 1952 likita Y. M. Bhende ya gano a birnin Bombay na Indiya mutanen da jikinsu ba ya ƙera sarƙar H gaba ɗaya. Irin wannan mutum ko da yana ɗauke da A ko B, ba inda za a liƙa sukarin, sai gwaji ya nuna O, alhali zai iya gadar wa ɗansa A ko B. A can ma kusan mutum ɗaya ne cikin 10,000, a yawancin sauran duniya ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi yawan kawo sakamakon da bai yi daidai da na iyaye ba shi ne kuskuren gwaji. Gwaji na ƙwarai fuska biyu gare shi. Ana ɗiga jinin a kan sinadarin anti-A, mai launin shuɗi, da anti-B, mai launin rawaya, a ga inda ya dunƙule. Sannan a ɗauki ruwan jinin mutumin a haɗa shi da sanannun ƙwayoyin A da na B, a ga ko amsar farko ta tabbata. Wurare da yawa fuskar farko kaɗai suke yi, a kan tayil. Sinadarin da wa'adinsa ya wuce, ko wanda ya kwana a firjin da ba wuta, yakan yi rauni ya kasa dunƙule jinin A, sai a rubuta O. Ɗigon da aka bari ya wuce minti biyu ya fara bushewa yakan yi kama da dunƙulewa, sai a rubuta AB. Akwai kuma reshen A mai rauni da ake kira A2, wanda ke sa a ɗauki mai AB a matsayin B. Jariri sabon haihuwa alamominsa ba su gama ƙwari ba, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan kuma jinin mutum biyu ne a jikinsa.

A sani kuma, rukunin jini ba ya tabbatar da uba. Kusan rabin 'yan Najeriya O ne, don haka dacewar harafi ba hujja ba ce. Rashin dacewa ma sai an maimaita gwajin a wani wuri, fuska biyu, kafin a ce uffan.

Ina ajin ƙarshe na sakandare. A darasin ilimin halittu ina rikita abu uku: rinjayen kunnen doki, rinjaye marar cika, da ƙwayar gado mai nau'i da yawa. Ku taimaka ku bambance mini. (Wata ɗaliba, Zariya)

'Yata, biyun farko suna magana ne a kan abin da ke faruwa a jikin mutum ɗaya, na ukun kuma a kan abin da ke cikin jama'a.

A rinjayen kunnen doki, nau'i biyu sun haɗu, kowanne ya bayyana cikakke, ba wanda ya danne wani. A rinjaye marar cika kuwa abin da ke fitowa tsaka-tsaki ne. Na farko kamar shinkafa da wake ne a tukunya ɗaya, kina ganin kowace ƙwaya da kamanninta. Na biyu kamar shayi ne da aka zuba wa madara, launi na uku ya fito. Misalin littafi na rinjaye marar cika shi ne furen da ake haɗa ja da fari a samu ruwan hoda. Misalin kunnen doki shi ne jinin AB: kowace jar ƙwaya tana ɗauke da cikakkiyar alamar A da cikakkiyar alamar B. Akwai ma wanda ya fi shi sauƙi, rukunin jini na MN da Karl Landsteiner da Philip Levine suka gano a 1927, inda nau'i biyu ne kacal kuma ba mai ɓuya: M, N, ko MN.

Tsarin ABO ya haɗa darasi uku wuri ɗaya, shi ya sa masu shirya jarrabawa ke son sa. Nau'i uku ne a cikin jama'a. A da B kunnen doki suke. Kowannensu kuma yana rinjayar O. Landsteiner ya gano rukunai uku na farko a 1901 a birnin Biyana, aka gano AB a 1902, amma sai a 1924 masanin lissafi Felix Bernstein ya nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce mai nau'i uku ke tafiyar da su. Ga ƙa'idar ƙirga haɗi: ki ninka yawan nau'in da lambar da ke gaba da shi, ki raba biyu. Uku sau huɗu a raba biyu, shida ke nan. Da nau'in huɗu ne, goma za a samu.

Wani abu da littattafan sakandare kan tsallake: amsar takan danganta da inda aka tsaya aka duba. Ɗauki mai jinotaif AS, wato mai ɗauke da kwafin sikila, S, guda ɗaya tare da lafiyayyen kwafi, A. In ta fuskar ciwo ne, A ya rinjayi S, domin mutumin lafiya lau yake. In kuwa aka duba cikin jar ƙwayar jininsa, himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska, iri biyu ne zaune tare, A wajen kashi 60, S wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100. A wannan matakin kunnen doki ne. In tambaya ta zo a kan sikila, ki karanta da kyau ki ga wace fuskar ake nufi.

Kafin aure an gwada mu, aka ce mijina AA ne, ni AS. 'Yarmu tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, asibiti suka ce sikila ce. Dangin miji sun fara maganganu. Wallahi ban san kowa ba sai shi. Mene ne bayanin wannan? (Wata uwa, Damaturu)

Baiwar Allah, Allah ya ba ta lafiya. Abin da ya same ku muna ganin irinsa, kuma yana da bayani.

Da farko a raba abu biyu da ake haɗawa. Rukunin jini, wato A, B, AB, O, alama ce a bayan ƙwayar jini. Jinotaif kuwa maganar himogulobin ne, sinadarin da ke cikin ƙwayar yana ɗaukar iskar da muke shaƙa. Ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 11, ba ruwanta da ta rukunin jini. A ɗin da ke cikin AA daban, A ɗin rukunin jini daban. Ita ma wannan ƙwaya nau'inta da yawa, ɗaruruwa ne aka sani, amma a yankinmu huɗu ne abin lura: A na asali, S, C, da kuma nau'in da ake kira beta talasimiya.

Idan uba AA ne na haƙiƙa, uwa AS, 'ya'ya AA ko AS za su zo, rabi da rabi. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ita ce: da wane gwaji aka ce mijinki AA ne?

Gwajin da ya fi araha shi ne a haɗa ɗigon jini da wani sinadari mai zuƙe iska, a rufe da gilashi, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan gwaji tambaya ɗaya yake amsawa: akwai S ko babu. Ba ya bambance AS da SS, ba ya ganin C, ba ya ganin talasimiya. Sinadarin kuma kullum ake haɗa sabo. In ya kwana yakan mutu, jinin AS ya ƙi lanƙwashewa. Wasu wuraren da zarar ba su ga lauje ba sai su rubuta AA. Wannan rubutu ya wuce abin da gwajin ya nuna.

Na biyu shi ne gwajin lantarki, ilektoroforesis, inda ake sa jini a kan wata takarda ta musamman a bi ta da wuta, kowane irin himogulobin ya yi tafiyarsa ya tsaya a layinsa. Ya fi na farko nesa, amma sai an gudanar da shi tare da sanannen jini mai ɗauke da A, S da C a gefe don kwatance, sai ruwan sinadarin bai tsufa ba, sai kuma ba a musanya kwalabe ba. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Ko gwajin lantarkin ya tafi daidai, akwai wanda ke kuɓuce masa: mai ɗauke da beta talasimiya. Shi kwafinsa ɗaya lafiyayye ne, ɗayan kuma ba ya ƙera himogulobin, ko yana ƙera ɗan kaɗan. Tunda lafiyayyen ne kaɗai ke aiki, layin A kawai ake gani, a rubuta AA. In ya gadar wa 'yarsa kwafin da ba ya aiki, ke kuma kika ba ta S, to S ne kaɗai zai cika ƙwayoyinta. A takarda kamar SS za ta fito, ciwon ma iri ɗaya ne, kuma uban nata ne halak malak.

Abin yi: ku ukun ku je asibitin koyarwa ko babban ɗakin gwaji mai na'urar HPLC, wadda ke auna kason kowane himogulobin da lamba. A haɗa wa maigidan da cikakken ƙirgen jini. Idan girman jajayen ƙwayoyinsa, wato MCV, ya gaza 80, kuma himogulobin A2 (ba A2 na rukunin jini ba) ya haura kashi 3.5 cikin 100, talasimiya ce. Idan S ya fito, gwajin farko ne ya yi kuskure. Idan C ne, yarinyar SC ce. Ku nemi sakamakon a rubuce da lambobinsa, kuma likita ya yi wa maigidan bayani da bakinsa.

Kada wannan rigima ta shagaltar da ku daga yarinyar. Kumburin hannu da ƙafa tsakanin wata shida zuwa shekara biyu shi ne sau da yawa alamar farko, domin a lokacin ne himogulobin na jarirai, F, da ke kare su yake ja baya. A yi mata rajista a asibitin masu sikila. Za a ɗora ta a kan fenisilin sau biyu a rana har shekara biyar, da folik asid, da rigakafin maleriya, a cika mata allurai, a kuma tattauna maganin haidiroksiyuriya. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ba na jira gobe ba ne. Ki sa a koya miki taɓa saifarta a gefen hagu na ciki. In ta kumbura farat ɗaya yarinya ta yi fari fat, asibiti ne nan take.

Ni AS ne, wadda nake nema ma AS ce. Abokina ya ce tunda ɗaya cikin huɗu ne, in muka tsaya a 'ya'ya uku mun tsira. Wani kuma ya ce in nemi ƙanwarta, ita AC ce. (Wani saurayi, Kano)

Abokinka bai fahimci lissafin ba. Ɗaya cikin huɗu ba layi ba ne da ake bi, a ce na fari AA, na biyu da na uku AS, na huɗu SS. Kowane ciki daga farko ake sake rabon. Ɗan fari zai iya zuwa SS, na biyu ma haka. In kuka haifi uku, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai sikila kashi 58 ne cikin 100. In huɗu ne, 68. In shida ne, 82.

Maganar ƙanwar ma ba mafita ba ce. AS da AC suna haifar AA, AS, AC da SC, kowanne ɗaya cikin huɗu, kuma SC ciwon sikila ne. S da C duk sauyi ne a wuri guda, gurbi na shida na sarƙar himogulobin, sai dai abin da ya maye gurbin ya bambanta. Mai SC yakan fi mai SS yawan jini da ƙarancin tashin ciwo, har wani ya kai shekara ashirin bai sani ba, amma ya fi shi fuskantar lalacewar jijiyoyin bayan ido, yana kuma fama da mutuwar kan ƙashin ƙugu, ga haɗari ga mace lokacin goyon ciki. C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, don haka 'yan'uwanmu na Tamale da zangon Kumasi su nace a yi musu gwajin da ke ganin sa.

Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar kowace shekara. Dalilin yawan S a ƙasashenmu maleriya ce: tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa yara masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ba wai ba ya kama su ba ne, su ma gidan sauro ya wajaba a kansu.

A jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Amma a ganinmu gwajin da aka yi bayan an kai lefe ya makara. Lokacinsa shi ne kafin manya su shiga magana. Hukuncin naku ne ku biyu da iyayenku, mu dai lissafin muka ba ka yadda yake.

Jinina O negetif ne, na mijina B fozitif. Haihuwata ta farko a gida na yi, lafiya lau. Yanzu ina da ciki wata biyar, a wurin awo aka ce sai an yi mini wata allura mai tsada. Tunda na farko bai samu matsala ba, dole ne? (Wata mai juna biyu, Birnin Kebbi)

Hajiya, lafiyar na farko ba ta nuna komai ba, domin wannan matsala ba ta cika taɓa ɗan fari ba.

Fozitif da negetif maganar wata alama ce daban mai suna D, ta tsarin Rh, wadda ƙwayar gadonta ke kan kuromosom na 1. Mai ita fozitif, marar ita negetif. Fozitif ke rinjaye, shi ya sa iyaye biyu masu fozitif kan haifi ɗa negetif in kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya marar aiki. A Turai wajen kashi 15 cikin 100 negetif ne, a Najeriya wajen 5, abin da ke sa jinin irin naku wuyar samu. Tun yanzu ki san mutum biyu ko uku masu O negetif da za a iya kira.

Lokacin haihuwa, ɗan jinin jariri yakan tsallaka cikin na uwa. In shi fozitif ne ke negetif, jikinki zai ɗauki D a matsayin baƙo ya ƙera masa garkuwa. Wannan yakan ɗauki makonni, ɗan fari ya riga ya fito. A ciki na gaba garkuwar takan ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin ɗan tayi. Sakamakon shi ne ƙarancin jini, shawara mai tsanani, kumburin jiki, wani lokaci mutuwa a ciki. Ba kowace mace abin ke kamawa ba: in ba allura, wajen 16 cikin 100 ne. Allurar bayan haihuwa tana sauko da shi zuwa 1 ko 2 cikin 100, in aka haɗa da ta lokacin ciki kuma ya koma ƙasa da 1 cikin 500.

Tunda ba a yi miki allura bayan haihuwar farko ba, matakin farko shi ne gwajin Coombs na jinin uwa, don a ga ko garkuwar ta riga ta samu. In babu, a yi miki allurar anti-D, wadda aka fi sani da RhoGAM, a mako na 28, yawanci maikirogiram 300. Bayan haihuwa a auna jinin cibiyar jariri. In fozitif ne a sake wata cikin awa 72. In an makara, a yi duk da haka har zuwa kwana goma, ya fi babu. Ana kuma yin ta bayan ɓari, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, zubar jini, ko buguwa a ciki. A lura da inda aka saya: firji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, wadda ta sha zafin kanti ba ta da amfani.

In kuwa gwajin ya nuna garkuwar ta samu, allurar ba ta warware abin da ya riga ya faru. Sai a koma asibitin da ke da likitan mata da na jarirai, a riƙa bin cikin da hoto da auna ƙarfin garkuwar.

Kasancewarki O shi kansa abin lura ne. Uwa O da jariri A ko B kan jawo shawara, ko a haihuwar farko, sai dai yawanci ta fi sauƙi. A duba jariri a hasken rana: a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa, a ga launin da ya fito. Shawarar da ta bayyana cikin awa 24 na farko ta gaggawa ce. Shanya jariri a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganinta. Fitila mai shuɗin haske ta asibiti ce ke yi, in ta yi tsanani a musanya masa jini kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Wani mai magani a kasuwarmu yana cewa maganinsa na mayar da SS ya koma AA. Gaskiya ne? (Wani ɗan kasuwa, Damagaram)

Ƙarya ce. Ba saiwa, ba ƙwaya, ba abincin da ke sauya jinotaif. Abin da ke ruɗar mutane shi ne gwajin da aka yi bayan ƙarin jini, inda mai SS kan fito kamar AS na 'yan makonni. Abin da ke sauya jinin da gaske shi ne dashen ɓargo, sai kuma gyaran ƙwayar gado irin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, mai tsadar gaske. Ko wanda aka yi wa dashe ya warke, S yake gadar wa 'ya'yansa, domin ɓargo aka sauya, ba ƙwayoyin haihuwa ba.

Jikana namiji ya yi shawara kwana huɗu da haihuwa. Likita ya ce a fitar da kafur daga kayansa, kada a sa masa lalle, wai wani abu ya gada ta wajen uwarsa. Me ya haɗa kafur da jini? (Wata kaka, Maraɗi)

Inna, likitan ya yi gaskiya. Abin da yake nufi shi ne ƙarancin wani inzayim mai suna G6PD, wanda ke kare jar ƙwayar jini daga wasu sinadarai masu ƙona ta. Wanda ba shi da isasshe lafiya lau yake, sai ranar da ya gamu da irin waɗannan sinadarai, ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Farin kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin tufafi yana cikinsu, kuma ta numfashi da fata yake shiga jikin jariri, ba sai ya haɗiya ba. A kwashe shi, a wanke kayan a shanya su sosai. Lalle ma haka. Cikin magunguna akwai firimakwin, dafson da naitirofurantoyin, Septrin ma sai da izinin likita. A wasu sassan Afirka ta Yamma abin yakan kai namiji ɗaya cikin biyar.

Gadonsa ya bambanta da duk waɗanda muka ambata a sama, domin ƙwayar tana kan kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa, ba na biyun da zai rufa masa. Mace mai ɗauke da shi rabin 'ya'yanta maza za su iya gada. Uba mai shi ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Kada a ɗora wa uwar laifi. Mai yiwuwa ita ma daga mahaifinta ta karɓa ba ta sani ba. Gwajin da aka yi ana tsakiyar ciwo yakan nuna lafiya, domin tsofaffin ƙwayoyin sun mutu, sababbi ne suka rage, don haka a maimaita bayan wata uku.

Ta wannan hanya ta X ciwon rashin daskarewar jini, himofiliya, yake bi, kuma sau da yawa ranar kaciya ko cire beli ake fara gane shi. Duk gidan da wani kawun yaro na wajen uwa ya taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, kada a kira wanzami sai an kai yaron asibiti an auna lokacin daskarewar jininsa da gwajin APTT, in ya yi tsawo a auna sinadaran daskarewa na 8 da na 9.